Zuri'ar Ayuba Mai Garma

Shafi na 14

Assalamu alaikum. Na ga ƙorafin masu cewa na bar Yasmin a tsaye a gona tun ranar Talata. Wuta aka ɗauke mana, waya ta mutu. Ku gyara zama.

*

Yasmin na tsugune a bakin kunya tana karkaɗe ƙasa daga jikin wata doya mai kaurin damtse, sai ta ji tsayuwar mota a bakin hanya. Ko ba ta ɗaga kai ba ta san ƙarar. Baffa Sadiq ne, yayan mahaifinta.

Tun rasuwar mahaifinta Anwar ita ke riƙe da gonar nan ta Gidan Kwano, gonar da kakan mahaifin nata, Malam Ayuba Mai Garma, ya sare tun wurin yana daji. Daga Malam Ayuba ta koma hannun ɗansa tilo, Kyauta, daga Kyauta zuwa 'ya'yansa. Yanzu gidajen kwanan ɗalibai sun cinye gonakin maƙwabta, Baffa Sadiq kuwa ba shi da zance sai na a sayar.

Ta wanke hannu a bokiti ta nufi gindin mangwaro, inda Gwaggo Nana Aisha, babbar yayarsu Baffa, ke zaune a tabarma tana ware doya. Yau ne haƙar farko, kuma Gwaggo ba ta taɓa fashin wannan rana ba ko da ƙafa na mata ciwo.

"Baffa, ina kwana."

"Lafiya lau, manomiya. Ya aikin?"

"Alhamdulillahi. Bana ta yi kyau."

Ya gaida Gwaggo ya zauna a kan kututture yana tattare babbar rigarsa. Idonsa ya faɗa kan wani tuli da aka ware gefe, duk manya marasa tabo.

"Yaya, wannan fa?"

"Ka san na wane ne," in ji Gwaggo ba tare da ta ɗago ba.

"Har yanzu? Shekara da shekaru ana kwasar mafi kyau ana kai wa gidan Shekwolo, ba wanda ya taɓa faɗa mini dalili."

"Malam ya yi, Baba ya yi, Anwar ya yi."

"To ai na san sun yi. Dalilin nake tambaya."

Gwaggo ta ɗauki wata doya ta juya ta, ta ɗora a kan tulin.

Baffa ya sauke ajiyar zuciya ya juya ga Yasmin.

"Ke 'yata, ba don ina ƙin aikinki nake maganar nan ba. Dubi can, dubi can. Gini ya zagaye mu. Bara an sace miki iri, bana an tura miki shinge. Wata rana za mu wayi gari wani ya zo da takarda ya ce nasa ne. Gara mu rabu da ita da mutuncinmu, kowa ya samu abin da zai riƙe."

"Baffa, ni dai a bar ni in ƙara ko shekara biyu."

Ya juya yana kallon hanya.

Wani babur ne ke tahowa a hankali ta tsakanin kunyoyi. Baba Shekwolo ne, dattijon Gbagyi, wato Gwari, daga ƙauyen da ke bayan dutse. Yasmin ta yi mamaki. A kullum su ake aika su kai masa doyar, bai taɓa zuwa ɗauka da kansa ba. Yau ma ba buhu a bayan babur ɗin, kuma rigar jikinsa irin wadda yake zuwa coci da ita ce, a goge tsaf.

Ya jingine babur ya cire hularsa.

"Hajiya, sannu. Alhaji, sannu. Yasimi, sannu da aiki."

"Sannu Baba," in ji Yasmin, ta jawo masa benci.

Hausar Baba Shekwolo irin ta mutanen da suka koye ta a kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne. Yasmin ta saba da ita tun tana yarinya.

"Ka zo daidai," in ji Baffa. "Ga kasonku can."

"Ba doya ya kawo ni ba, Alhaji."

Gwaggo ta ajiye wuƙar hannunta.

"Jikin Mama ne?"

"Shi ne, Hajiya. Ba ya cin abinci sosai. Da safe ya ce mini, Shekwolo, je ka kira yaran Kyauta. Ya ce lokaci ya yi."

Baffa ya dubi Gwaggo, ya dubi dattijon.

"Lokacin me? Mene ne haɗin mahaifiyarka da 'ya'yan Kyauta?"

Shekwolo ya sunkuyar da kai yana murza hular.

"Hajiya ya sani. Bakina bai kai ba."

Daga can nesa ana jiyo ƙarar fartanyar 'yan ƙwadago da hon ɗin motocin ɗalibai a titin Bida.

"Yasmin, ba ni ruwa," in ji Gwaggo.

Ta sha, ta goge bakinta da gefen mayafi.

"Sadiq, me ka sani game da zuwan Malam ƙasar nan?"

"Abin da kowa ya sani. Daga Dawakin Tofa ya taso, ya yi leburanci a layin dogo, ya ga ƙasa mai kyau ya ajiye aikin ya sayi gona."

"Bai saya ba."

"Kamar yaya?"

"Da me zai saya? Ranar da ya bar aikin jirgi, garma ɗaya gare shi da tabarma, sai matarsa Inna Kande a bayansa. Gero da dawa ya iya nomawa. Shekarar farko ya shuka doya kamar yadda ake shuka rogo, ta ruɓe a ƙasa. Kakan Shekwolo ne ya gan shi yana zaune a bakin gona ya rafka tagumi, ya zo ya karɓi garmar ya nuna masa yadda ake tara kunya. Ba mai jin yaren wani, da hannu suke magana. Haka suka zama aminai. Yau su yi gonar wannan, gobe ta wancan."

"Wannan ai ba abin ɓoyewa ba ne."

"Ka bari in ƙarasa."

Baffa ya gyara zama.

"Inna Kande ba ta da sa'ar goyo. Ta haihu, ya koma. Ta sake, ya koma. Wata damina ta haifi namiji, ko suna ba a yi ba ya bi 'yan'uwansa. Nono na zuba, ba mai sha. A cikin satin nan matar aminin Malam ta haifi tagwaye, mace da namiji, ita kuma ba ta tashi ba."

Yasmin ta matso. Ta zauna a gefen tabarmar.

"Uban ya rasa yadda zai yi," Gwaggo ta ci gaba. "Sai ya shimfiɗa zane a cikin babbar ƙwarya, ya kwantar da su, ya saɓa a kafaɗa, ya tako har bukkar Malam cikin ruwan sama. Ya ajiye a gaban Inna. Ta ɗauke su ta sa a ƙirji."

"Yaya…"

"Ta shayar da su har yaye. Ranar da uban ya zo ɗaukarsu, ya tarar ta yi musu wanka, ta shafa musu man kaɗanya, ta ɗaure 'yan tsummokaransu wuri ɗaya. Ba ta yi kuka a gabansa ba, amma ta kasa miƙewa tsaye. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya ɗauki macen, ya kama hannun namijin ya mayar mata a cinya. Kalmar Hausa ɗaya ya faɗa."

Ta dubi Baffa.

"Kyauta," in ji Gwaggo. "Ga inda sunan Baba ya fito."

Baffa ya miƙe tsaye, rigarsa ta kwashi ƙasa.

"Yaya, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani."

"Babanmu? Kyauta ɗan Malam Ayuba?"

"Ɗansa ne na goyo da tarbiyya, ɗan Inna ne na nono. Amma ba su suka haife shi ba. Gonar nan kuma uban da ya haife shi ne ya zagaya da Malam, daga rafi zuwa dutse, ya ce yaron ya ci daga ƙasar ubansa. Shi ne Malam ya ɗauki alkawari, muddin ana haƙa doya a nan, ta farko ta 'yar'uwar yaron ce."

"Macen kenan," in ji Yasmin a hankali.

"Ita ce Sara, mahaifiyar Shekwolo."

Baffa ya yi taku zuwa bakin kunya ya dawo. Ya cire hula ya mayar.

"Wa ya faɗa miki?"

"Baba da bakinsa, a ciwonsa na ƙarshe. Shi ma sai da ya yi aure Inna ta zaunar da shi."

"Ya faɗa miki, ni bai faɗa mini ba?"

"Ya ce kai zuciya gare ka, kuma lokacin kana neman aure a gidan da ke tonon asali. Ya ce in bari sai Sara ta nema da kanta. Ita kuma ta ce tun da ɗan'uwanta na cikin rufin asiri, ba za ta tayar masa da gida ba."

Baffa ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba.

"Ni da nake zama a majalisa ina cewa mu jinin Kano ne. Har Dawakin Tofa na je neman dangin Malam, na kai musu goro. Kenan ni Bagware ne?"

Maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so. Yasmin ta saci kallon Baba Shekwolo, kunya ta kama ta.

Dattijon bai ɓata rai ba. Murmushi ma ya yi.

"Alhaji, kai kana nan yadda kana. Salla naka yana nan, suna naka yana nan. Ba mu zo karɓa komai ba. Tsoho ne kawai yana so ya ji murya."

Da ya yi murmushin ne Yasmin ta ga abin da ta yi shekaru tana gani ba ta lura ba. Wushiryar nan a tsakiyar haƙora, da yadda idon hagu ke ƙanƙancewa. Sak mahaifinta idan ya dawo daga gona an tare shi da ruwan sanyi. Ta kawar da kai da sauri, hawaye ya cika mata ido.

"Baffa," ta ce, "mu je."

"Ke yi mini shiru."

"Ka yi haƙuri. Amma ko ba komai tsohuwa ce marar lafiya ta aiko."

Gwaggo ta dafa kafaɗar Yasmin ta miƙe da ƙyar.

"Ni dai zan je. In ba za ka kai mu ba, akwai keke-napep a bakin titi."

Ta fara takawa tana ɗingishi. Baffa ya tsaya yana kallon bayanta har ta kusa fita gonar. Sai ya laluba aljihu ya ciro mukulli.

"Yasmin, ce wa yaran nan su sa doyar a but ɗin mota."

*

Babur ɗin Baba Shekwolo na gaba suna bin sa, suka bar kwalta suka hau jar hanya, suka wuce wasu mata da suka saɓo itace a kafaɗa. Yasmin ta sha zuwa ƙauyen nan, amma iyakarta ƙofar gida, ta sauke doya a gaisa ta juya.

Yau har ciki aka shigar da su.

Tsohuwar na zaune a kan 'yar kujera a inuwar rumbu, an jingina mata matashi. Ta tsufa ƙwarai, duk ta ƙanƙance, idanunta sun yi fari. Shekwolo ya durƙusa ya yi mata magana da yarensu. Ta ɗago kai.

"Nana ce?"

Hausarta ta ba Yasmin mamaki. Tsohuwar Hausa ce, tsaf, irin wadda ba a cika ji a Minna ba yanzu.

"Ni ce, Mama," in ji Gwaggo ta zauna kusa da ita. "Ya jiki?"

"Jiki ya gaji. Kin zo da su?"

"Na zo da Sadiq, da 'yar Anwar."

"Anwar," in ji tsohuwar ta girgiza kai. "Yaron kirki. In ya kawo doya sai ya leƙo ya ce Mama me kike so daga gari. Bai san komai ba, amma jininsa ya sani. Ina 'yar?"

Yasmin ta matso ta durƙusa. Tsohuwar ta kama hannayenta tana shafa tafin, ta tsaya inda ya yi kanta.

"Wannan hannun garma ne. An ce kin yi jami'a?"

"Na yi, Mama. Noma na karanta."

"Har noma ake karantawa?" Ta yi dariya har da tari. "Da Malam ya karanta da doyarsa ba ta ruɓe ba."

Kowa ya yi dariya, ban da Baffa. Yana tsaye daga baya, hannu a cikin riga. Ya yi gyaran murya.

Tsohuwar ta daina dariya nan take. Ta juya fuskarta wajen da sautin ya fito.

"Wane ne wannan?"

"Sadiq ne, Mama."

"Sake yi."

Baffa ya dubi Gwaggo.

"Gyaran muryar," in ji tsohuwar. "Haka Kyauta yake yi. In ya zo gani na, ba ya sallama irin ta kowa, sai ya tsaya a bayan rumbun nan ya yi haka, in san shi ne. Zo nan."

Yasmin ta zaci zai ƙi. Amma ya taka a hankali, ya tattare rigarsa, ya tsuguna a gabanta a kan ƙasa. Ta ɗora hannu biyu a fuskarsa, ta bi goshin, ta bi hancin, ta kama kunnuwan.

"Kunnen babanmu," ta ce. "Kai ne mai zuciyar?"

"Haka suke cewa."

"Shi ma haka yake. Muna yara in na je wurin Inna, ni ce mai cin dukansa. Ban san ɗan'uwana ba ne, shi ma bai sani ba, amma duk wanda ya taɓa ni a rafi sai ya kwana da ciwon jiki."

Baffa ya ɗago ya dube ta. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Ina wuni… Gwaggo."

Tsohuwar ta riƙe kansa ta daɗe ba ta saki ba. Gwaggo Nana ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aka kawo musu ruwa da dafaffiyar gyaɗa. Tsohuwar ta yi ta ba su labari. Yadda Malam Ayuba ke waƙa in yana huɗa har tsuntsaye su watse don munin muryarsa. Yadda Inna Kande ta koya mata Hausa da tuƙin tuwo, ta kuma yi mata gara da ta tashi aure, duk da a coci aka ɗaura. Yadda Kyauta, da ya san gaskiya, ya zo ya zauna a nan wurin tun hantsi har la'asar bai ce uffan ba, da zai tafi ya ce, "Ashe shi ya sa."

Baffa na sauraro, har ya fara tambaya. Ya tambayi sunan kakansu, ta faɗa, ya maimaita, ta gyara masa, ya sake maimaitawa. Yasmin ta ji wani sanyi ya sauka a ranta wanda rabonta da shi tun rasuwar mahaifinta.

Can tsohuwar ta gyara zama.

"To, ku ji abin da ya sa na kira ku. Ban kira ku don gona ba. Gona taku ce, babanmu ya bayar, ba a dawowa da ita."

"Muna ji, Mama," in ji Gwaggo.

"Akwai ɗorawa a kusurwar gabas, kusa da rafi. Akwai duwatsu a gindinta."

"Na san wurin," in ji Yasmin. "Abbana ya ce kada a taɓa sa garma a nan. Na ɗauka don saiwa ne."

"Uwarmu ce a kwance a wurin. A bukkar gona naƙuda ta kama ta, a nan aka binne ta. Ban san fuskarta ba, ko kwana ɗaya ba mu yi tare ba." Ta lalubo hannun Baffa ta riƙe. "Na yi magana da 'ya'yana, sun yarda. Saura ku. In na tafi, ku ba ni wuri kaɗan a gefenta. Iyakar roƙona kenan."

"Mama, wannan ai ba sai kin roƙa ba," in ji Gwaggo. "Ko Sadiq?"

Baffa ya sunkuyar da kai.

Yasmin ta dube shi. Gumi ya keto masa a goshi, ga inuwa, ga iska na kaɗawa.

"Sadiq, da kai nake."

"Kusurwar gabas," ya ce, kamar mai magana da kansa. "Ta wajen rafi."

"Eh, ita."

Ya zare hannunsa a hankali. Ya kasa kallon kowa a cikinsu.

"Baffa, lafiya?" in ji Yasmin.

"Yaya, ku yafe ni. Abin da na zo faɗa muku kenan da safe, na kasa."

Gwaggo ta sauke mayafin daga fuskarta.

"Me ka yi?"

"Na sayar da ɓangaren gabas. Na riga na sa hannu." Ya share gumi. "Gobe da safe katafila za ta shiga."

Tsohuwar ba ta ji shi sosai ba, ta karkato kunne wajen ɗanta.

"Shekwolo, me ya ce?"